Abin da shirin tunawa da Sa'adu Zungur ya koya mini

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin situdiyo in bar gidan rediyon nan, kuma tun da labari ya fita abokan aiki ke ta tambayata ko albashi ne. Albashin dai kowa ya san yadda yake, amma ba shi ya kore ni ba. Duk wanda muka yi aiki tare a 2018 ya san inda gizo ke saƙar.

A shekarar ne Malam Sa'adu Zungur, marubucin waƙoƙi kuma ɗan siyasa, ya cika shekara 60 da rasuwa. Na kawo shawara a taron tsara shirye-shirye cewa mu yi masa shiri na musamman, ba irin wanda aka saba ba, a gayyato farfesa ya zauna yana jero tarihi har mai sauraro ya murɗa tasha. So nake a ji waƙoƙinsa a bakin mutane: dattijo mai rera rubutacciyar waƙa da tsohon kari, da matasan nan masu tsayawa gaban makirfo su furta baiti ba tare da rerawa ba, da mai gurmi. Oga ya ce in je in yi, amma kada in tambaye shi ko sisi.

Dattijon da na samo tsohon malamin firamare ne, ya haddace "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" tun yana ɗalibi. Da ya shigo ya ga mai gurmi zaune, sai ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa. Ya ce, "Ɗana, mutumin da ya rubuta 'Waƙar Bidi'a', ɗan gidan malamai a Bauchi, shi za ka sa wa kiɗa a ƙarƙashin maganarsa?" Ban da amsa. Muka yi ta kai da komo har muka daidaita a kan gurmi ba zai taɓa hawa kan baiti ba, sai in dattijon ya ja amsa-amon nan na "ya" ya dire, ya numfasa, sannan tsirkiya ta yi magana. Abin da aka yi don a rarrashi tsoho shi ya zama ƙawar shirin gaba ɗaya. Mai gurmin ma daga baya cewa ya yi bai taɓa sanin shiru na cikin kiɗa ba sai ranar.

Matasan kuwa da nasu Sa'adun suka zo. Sun san ɗan gwagwarmaya, wanda ya je kwalejin Yaba a Legas, ya riƙe sakataren jam'iyyar NCNC, ya zama ubangidan Malam Aminu Kano a tunani, ya tsaya wa NEPU, ya addabi En'e da Turawan mulki da alƙalami. Wannan duk gaskiya ne. Sai na raba musu waƙar "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" cikakkiya na ce kowa ya karanta har ƙarshe. Suka dawo jiki a sanyaye. Ashe mutumin bai ce a rushe sarauta ba, gargaɗi yake wa sarakuna su gyara tun kafin zamani ya gyara su. Ashe kuma bai ƙyale talaka ba, ya taɓo karuwanci da shashanci da barar yara, ya ce muddin suna nan Arewa za ta ji kunya. Wata ɗaliba daga cikinsu ta rubuta masa amsa, tana ba shi labarin yaran da ya bari suna bara a 1958, cewa jikokinsu na nan a bakin danja da robobi. Da ta gama karantawa injiniyanmu ya manta bai tsayar da naɗi ba.

Ana saura kwana kaɗan a sa shirin, wani babban mutum ya ji labari ya ce zai ɗauki nauyi. Nan take shirin da ba a ba ko sisi ba ya zama "shirinmu". Oga ya kira ni ofis, ya saurara yana kaɗa ƙafa, ya ce, "Malam, wannan zai ja mana magana." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai maganar ita ce waƙar." Ya ce a cire baitocin sarakuna, a cire na bara, a cire yarinyar, a cike gurbin da "Maraba da Soja", tunda ita sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu take wa barka da zuwa, ba ta taɓa kowa ba. Na roƙe shi, na nuna masa waƙar nan a makarantu ake karantar da ita, tana cikin littattafan jarrabawa. Ya yi murmushi ya ce shi ke nan, in bar ta yadda take. Na fita ina godiya.

Da daddare ya sa wani edita ya zauna a kanta. Ni ma a rediyo na ji, kamar kowa. An datse kusan rabi, an cusa kirarin mai ɗaukar nauyi a tsakiya da muryar maroƙi, gurmin da muka sha wahala muka ware an shimfiɗa shi a ƙarƙashin dattijon daga farko har ƙarshe. Abin da ya fi ci mini rai, baitin nan da kowa ya sani, "In za ka faɗi, faɗi gaskiya", shi suka yanko suna maimaitawa duk lokacin da za a tafi talla.

Washegari dattijon ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, ba haka muka yi da kai ba." Masu sauraro da suka san waƙar suka yi ta ƙorafi, sai ga takardar neman ba'asi a teburina, wai in bayyana dalilin da shirin ya fita ba tsari. A rahoton ƙarshen shekara kuma shirin ya fito cikin nasarorin sashe, da sunan oga a matsayin wanda ya ƙirƙiro shi. Ban riƙe shi a rai ba, Allah ya sani. Ina dai faɗa ne don na baya.

Tun daga nan "shi ke nan, bar ta" ta fatar baki ba ta wadatar da ni, sai na ga biro a takarda. Kuma na gane cewa in aka ce za a karrama marubucin da ya takura wa manya yana raye, kowa da almakashinsa yake zuwa. Mai kuɗi na son uban ƙasa marar haushi, matasa na son ɗan tawaye da ba ya musu faɗa. Aikin furodusa ya tsare mamacin daga dukansu biyu, kuma ba wanda zai gode masa.

Sauran ƙanana ne. A biya masu waƙa kafin shiri ya fita, don bayan ya fita akanta ba ya ganin kiran waya. Kada gabatarwa ta fi waƙar tsawo. Makirfon mai gurmi a ja shi baya kaɗan. Kada a bar naɗi na asali a kwamfutar ofis kaɗai.

Wannan na ƙarshen shi ya cece ni. Cikakken shirin yana wurina, na kai wa dattijon nasa kwafin har gida, ɗalibar ma na tura mata. A 2028 Malam Sa'adu zai cika shekara 70 da rasuwa. Wanda ya gaji kujerata, in yana so, ya neme ni in ba shi, amma ya fara samo sa hannun oga.