Abin da shirun Adam ya koya mini

A shekarata ta ƙarshe ta nazarin Faransanci, malaminmu ya ba ni aikin rubuta fassarar Hausa a ƙasan fim ɗin Un homme qui crie, wanda Mahamat-Saleh Haroun, ɗan ƙasar Chadi haifaffen Abeche, ya ba da umarni. Na riga na san cewa fim ɗin ya lashe kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a 2010, ya kuma samu dokin azurfa na Yennenga, wato kyauta ta biyu, a bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 2011, amma a zuciyata na ɗauka labarin yaƙin basasa ne kawai ya ja hankalin Turawa.

Da na fara aikin sai na tarar ba a nuna fagen daga ba, sai dai a ji labarin yaƙin a rediyo. Adam tsohon zakaran iyo ne da ke kula da wurin ninƙaya na wani otal a Njamena, kuma da sababbin masu otal ɗin suka ba ɗansa Abdel wannan aiki, shi kuwa suka mayar da shi gadin ƙofa, sai kishi da kunya suka kai shi ga miƙa ɗan nasa ga soja. A wurin da sojoji suke jan Abdel yana kiran babansa, Adam yana zaune cikin ɗaki bai ce uffan ba. Ni kuwa, saboda na saba da irin fassarar da mai magana ke bayyana wa mai kallo komai, sai na ƙara layi biyu ina bayanin abin da uban ya aikata.

Malamin ya goge su, ya sa na sake kallon wurin sau uku, idona a kan fuskar Youssouf Djaoro, wanda ya fito a matsayin Adam. A karo na uku ne na gane cewa layukan nawa sun rage wa mai kallo nauyin da Haroun ya yi niyyar ɗora masa, domin duk mahaifi ya san abin da wannan zama yake nufi. Zaton da na yi wa alƙalan Cannes ma bai yi musu adalci ba.

Na koma farkon fim ɗin na rage kusan duk abin da na ƙara. Da na iso bakin kogi, inda Adam yake sakin gawar ɗansa a ruwa, ban rubuta ko kalma ɗaya ba.