Asabar, karin kumallo a gidan pankek

Bayan sallar asuba na koma cikin bargo, ban daɗe ba Yaya ya ƙwanƙwasa ƙofa. "Auta, tashi ki shirya, yau ba za a ɗora tukunya a gidan nan ba." Wata biyu ke nan da zuwana jihar Vermont ta ƙasar Amurka, amma ban taɓa zama na ci abinci a waje ba. Ba komai ya hana ni ba sai tsoron naman alade. Yaya ya sani, shi ya sa bai tsaya neman shawarata ba.

Mun bar garin Burlington wajen ƙarfe takwas. Ƙarshen watan Maris ne, ƙanƙarar da aka ture gefen titi ta fara narkewa, ko'ina caɓi da taɓo. Wurin da muka je ɗan ƙaramin gini ne a bakin hanya. Da shiga sai ɗumi da ƙamshin man shanu suka tare ni. Akwai dogon kanta da kujeru masu juyawa a jere, akwai tebura a jikin taga. Yawancin mutanen sun san juna: tsofaffi da jarida, ma'aikata da takalman aiki, wata mata da 'ya'yanta uku. Hirar da ke tashi daga wannan kujera zuwa waccan ta tuna mini teburin mai shayin bakin layinmu a Zariya, wanda kullum nake wucewa ta gabansa ban taɓa zama ba. Yau ga ni a zaune.

Matar da ta zo karɓar odarmu za ta yi sa'ar Umma. Kafin mu ce uffan ta cika mana kofuna da kofi. Yaya ya ce a irin waɗannan wurare sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, ko sau nawa aka ƙara maka.

Daga inda nake ina hango mai girki. Faffaɗan farantin ƙarfe ne a gabansa, ya kai girman ƙyauren ɗaki, kuma komai a kansa ake yi. Ƙwai a nan, dankali a can, ga siraran yankan naman alade suna ta tsartuwa, mansu na malala. Gabana ya faɗi. Na matsa kusa da Yaya na ce, "Yaya, ka ga abin da nake gudu. Ni kofin nan ma ya ishe ni."

Ya ce, "Ki faɗa mata da bakinki. Ba roƙo ba ne, ba kuma laifi ba ne."

Da ƙyar na haɗa maganar. Na ce mu Musulmi ne, ba ma cin alade, ba ma cin abin da mansa ya taɓa. Na yi zaton za ta ɓata rai, don wurin ya cika, ga mutane na jira a bakin ƙofa. Sai ta ajiye butar kofin, ta saurare ni har na gama, ta je ta yi magana da mai girkin. Ta dawo ta ce kwaɓin fulawa ne da ƙwai da madara da man shanu, babu kitsen alade a ciki, kuma za a yi mana namu a wani kasko daban. Ina kallo ya ɗauko kaskon daga rataye, ya ɗora a kan murhun gefe, ya canza cokalin juyi. Cokalin nan ya fi komai taɓa ni, don ni ban ma tuna da shi ba, shi ya tuna. Mutumin da ko sunana bai sani ba, da aiki ya yi masa yawa, ya ɗauki addinina da muhimmanci har haka. Allah Ya saka musu da alheri, shi da ita.

Tun da na ji sunan pankek kunnena ke jin fanke, amma da aka kawo sai na ga ya fi kama da sinasir: faffaɗa, mai laushi, guda uku a ɗore da juna, man shanu na narkewa a sama. Bambancin a wajen tashi yake. Ƙullun sinasir sai an sa yis an bar shi ya ɗauki sa'o'i. Wannan kuwa da madara mai tsami ake kwaɓa shi, irin tsalarmu, a sa bekin soda. Da tsamin ya haɗu da sodar sai iska ta taso, ya kumbura a kan wuta nan take. Idan 'yan ƙofofi suka fito a samansa, sai a juya sau ɗaya, shi ke nan.

Abin da ake zubawa a kai shi ne ya sa Yaya ya kawo ni a wannan watan. Na ɗauka zuma ce. Ashe ruwan itace ne, itacen mepul, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada. Wani dattijo a kujerar kusa da mu ya ga ina ɗanɗanawa da bakin cokali, ya juyo ya shiga yi mini bayani, don shi ma yana da itatuwan a bayan gidansa. Sai dare ya daskare, rana ta ɗan yi ɗumi, sannan ruwan ke gudu a jikin itace, kuma 'yan makonni ne kawai tsakanin ƙarshen Fabrairu da farkon Afrilu. A huda itacen, a tara ruwan a bokiti ko a ja shi ta siraran bututai. Da ya fito kamar ruwan sha yake, zaƙinsa kaɗan ne. Sai an dafa kusan lita 40 kafin a samu lita 1. Na farkon lokacin fari-fari ne, na ƙarshe ya fi duhu da ƙarfin ɗanɗano. Ya ce mutanen asalin ƙasar, irin su Abenaki, sun san aikin tun kafin zuwan Turawa. Yau Vermont ce kan gaba a Amurka, a duniya kuwa lardin Quebec na Kanada da ke arewa da mu ne ke fitar da mafi yawa.

Yana magana ina ganin masu mazarƙwaila a wajen Maƙarfi, da manyan kaskonsu da tururi na tashi. Na ba shi labarin yadda ake matse rake a dafa ruwan har ya yi kauri ya daskare. Ya yi ta tambaya, har yana so ya san da wane irin itace ake hura wutar. Ya gargaɗe ni in riƙa karanta jikin kwalba a kanti, don mai arhar nan yawanci ruwan sukarin masara ne aka sa wa kala.

Biyu na iya ci, na ukun aka sa mini a kwali. Da za mu tashi Yaya ya nuna mini yadda ake barin tukuici, kamar kashi 20 cikin 100 na kuɗin abinci, domin masu wannan aiki da shi suka dogara. Na ce ya bar mini wannan, ni zan bayar, na kuma ƙara a kai. A bakin kanta na sayi 'yar ƙaramar kwalbar mepul, mai duhun.

Ƙarfe uku na rana na kira Umma, su can sun idar da sallar isha'i. Tambayarta ta farko ita ce ko na tabbatar da tsarkin abin da na ci. Na ba ta labarin kaskon da cokalin. Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To, madalla. In kin koma ki gaishe su."

Yanzu na jiƙa shinkafa. Gobe da safe zan yi wa Yaya sinasir, mu gwada zuba masa mepul mu ji.