Abin da durƙushewar GM ta koya wa masu nazarin hannun jari

Magana ɗaya ce ta fi cutar da masu nazarin hannun jari a ƙarshen 2008: wai gwamnatin Amurka ba za ta zura ido General Motors (GM) ya mutu ba. Kuma gaskiya ce, ba ta bari ba. Kamfanin yana nan yana ƙera motoci. Masu hannun jarinsa na wancan lokaci ne suka tashi a tutar babu.

Abin takaicin shi ne alƙaluman suna fili. A ƙarshen Satumban 2008 tsabar kuɗin da ke hannun GM dala biliyan 16.2 ne. A wata ukun da suka gabata ya cinye kusan biliyan 7, kuma da bakinsa ya ce sai da biliyan 11 zuwa 14 a ajiye yake iya gudanar da harkokinsa. Ɗan firamare zai cire wannan daga wancan ya ga saura wata ɗaya ko biyu. Amma ido yana kan farashi: hannun jarin da ya haura dala 40 a Oktoban 2007 ya dawo ƙasa da dala 4, kowa na cewa garaɓasa ta faɗi. Araha ba ta ado. Duk wanda ya zauna a ofishin masu nazarin hannun jari ya san kallon da ake yi wa ƙaramin ma'aikacin da ya rubuta "a sayar" bayan oga ya riga ya ce "a saya".

Dalilin da kuɗin ke zurarewa haka da sauri yana cikin tsarin sana'ar. Dillali na biyan kamfani da zarar an loda masa mota, shi kuwa kamfani sai bayan makonni yake biyan masu kawo masa sassa. Idan kasuwa na ci, kuɗin mutane ne yake juyawa. Idan ta tsaya, tsohon bashi na ƙwanƙwasa ƙofa, sabon kuɗi ba ya shigowa, ga albashi da fansho da kuɗin asibitin tsofaffin ma'aikata ba sa raguwa. Cinikin mota a Amurka ya sauko daga miliyan 16 a 2007 zuwa miliyan 10.4 a 2009.

Ranar 1 ga Yunin 2009 GM ya shiga kotun fatara. Cikin kwana 40 aka kwashe kadarori masu amfani zuwa sabon kamfani: gwamnatin Amurka ta ɗauki wajen kashi 61 cikin 100, asusun lafiyar 'yan ƙwadago 17.5, Kanada kusan 12, masu takardun bashi 10. Mai hannun jari shi ne ƙarshen layi, kafin a iso kansa tukunya ta ƙare. Duk da haka mutane suka ci gaba da sayen takardun tsohon kamfanin, wanda aka sauya wa suna Motors Liquidation, suna zaton sabon GM suka samu da arha, har sai da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta fito ta ja kunne.

Ford ma ya faɗi warwas, hannun jarinsa ya kusa dala 1 a Nuwamban 2008. Bambancin, shugaban kamfanin na lokacin, Alan Mulally, ya ranto wajen dala biliyan 23.5 tun ƙarshen 2006, lokacin da bankuna ke neman mai karɓa, ya jinginar da masana'antu har da shuɗin tambarin kamfanin. Ford bai shiga kotun fatara ba, farkon 2011 hannun jarin ya wuce dala 18. Saboda haka a fara duba ranar da bashi zai nuna da tsabar kuɗin da ke ƙasa, kafin a kalli kyan sabuwar mota.

Jingina ma ba ta hana asara idan gwamnati ta shigo tsakani: masu bin kamfanin motoci na Chrysler bashin dala biliyan 6.9 mai jingina, biliyan 2 suka karɓa. Ita kanta gwamnatin, da ta gama sayar da kasonta na GM a Disambar 2013, ta yi asarar wajen dala biliyan 10.