Tarihin Rayuwata, Kashi Na Tara: Neman Dawo Da Riƙon 'Ya'yana

A makon da ya gabata na tsaya ne a inda alƙali ya miƙa riƙon 'ya'yana biyu ga mahaifinsu, bisa hujjar cewa na yi sabon aure, sannan ya sanar da ni cewa ina da kwana 30 na ɗaukaka ƙara idan hukuncin bai gamsar da ni ba. Abin da ya biyo baya shi ne shawarwari daga kowane ɓangare, kuma wadda aka fi nanata mini ita ce in nemi saki daga mijina, wai da zarar aure ya mutu yara za su dawo hannuna. Mutumin nan bai taɓa ɓata mini ba, amma wallahi na kwana ina juya maganar, domin ƙaramar ko shekara huɗu ba ta cika ba, kuma ba ta iya barci sai ta riƙe gefen zanina.

Wata maƙwabciyarmu ce ta haɗa ni da wata lauya ta ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Bayan ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba, sai ta ce, "Hajiya, kada ki kashe aurenki a banza. A mashhurin mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na Kano suke hukunci da ita, uwar da haƙƙinta na riƙo ya faɗi saboda aure ba ya dawo mata ko da auren ya mutu." Jikina ya yi sanyi. Daga nan ta tambaye ni ko mahaifiyata tana raye, na ce tana nan lafiya lau a gidanta da ke cikin birni. Ta sake tambaya ko an kira ta a zaman shari'ar, na ce ko sunanta ba a ambata ba.

A nan ne ta warware mini abin da na yi imani ya kamata kowace mace a garin nan ta sani tun kafin ta taka ƙofar kotu. Ta ce a littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, riƙon yaro bayan saki na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Idan uwa ta yi aure, haƙƙin ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ga uba. Kaka ta wajen uwa ce a gaba, sannan 'yar'uwar uwa, kuma ciyarwa da tufatarwa suna nan a wuyan uba duk inda yaran suke. Sai dai ta gargaɗe ni cewa kakar ma tana da sharuɗɗa: ta kasance mai hankali da amana da ƙoshin lafiyar da za ta iya ɗawainiyar yara, kuma kada ta kasance gida ɗaya take zaune da ni, tunda nawa haƙƙin ya riga ya faɗi.

Na ce, "Barista, ke nan ba hannuna za su dawo ba?" Ta ce a'a, amma za su koma ɗakin da na tashi a cikinsa, inda babu mai tsayar da ni a soro. Wannan maganar ta shige ni ƙwarai, domin ranar da na kai musu ziyara a soron aka fito mini da su, wata yarinya tana tsaye a kanmu, babban yana ta satar kallonta kafin ya karɓi ƙosan da na riƙo musu, kan ƙaramar kuwa duk ya cukurkuɗe babu kitso.

Da na isa wurin Umma na zayyana mata komai, ba ta bari na ƙarasa ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, jikokina ne, ko a gaban wa aka ce in tsaya zan tsaya." Washegari muka shiga adaidaita sahu muka je muka biya kuɗin kwafin shari'a, wanda sai da shi kotun sama za ta ga abin da aka faɗa da abin da aka tsallake a zaman farko. Barista ta shigar da takardar ɗaukaka ƙara kafin wa'adin ya cika, ta kafa hujja da cewa an ba uba riƙo alhali akwai wadda take gabansa a shari'a kuma ba a ji ta bakinta ba.

An kai wa mahaifin yaran sammaci, kuma a daren ranar ya turo yayansa wurin Umma da maganar a yi sulhu a gida. Abin da suka zo da shi, da amsar da Umma ta ba su, shi zan kawo muku a mako mai zuwa in Allah Ya yarda.