Wutar nukiliya, jiya dodo, yau an ce mata mai tsafta

A Amurka akwai wata tashar nukiliya a jihar Pensilbaniya, Three Mile Island, wadda a 1979 injinta ɗaya ya samu matsala har wani ɓangaren cikinsa ya narke, tun daga nan sunan ya zama abin tsoro. Ɗaya injin kuwa an sake kunna shi a 1985, ya ci gaba da aiki sai 2019 aka rufe shi don ba ya kawo riba. To a 2024 sai ga Microsoft ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 a sake tada shi saboda manyan kwamfutocinta na shan wuta kamar me, kuma abin dariyar har suna aka canza wa wurin, aka cusa "makamashi mai tsafta" a ciki. Inji dai shi ne na da, wallahi.

Haka take tun farko. A 1953 shugaban Amurka Aizinhawa ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya yana tallar nukiliya a matsayin abin zaman lafiya, shekara 8 kacal bayan bam ɗin nukiliyar da Amurka ta jefa a Hiroshima. Sai hatsarin tashar Carnobil a Yukren a 1986, sai na tashar Fukushima a Japan a 2011, nan fa Jamus ta ce ita kam ta haƙura, shugabar gwamnatinta ta lokacin Angela Merkel wadda watanni kaɗan kafin nan gwamnatinta ta ƙara wa tashoshin wa'adi ta juya baya, kuma a Afrilun 2023 suka kashe uku na ƙarshe.

Amma kafin su gama kashewa iska ta juya. Zafin duniya ya zama abin fargaba, yaƙin Yukren ya sa gas ya yi tsada, a 2022 Tarayyar Turai ta saka nukiliya cikin jerin abubuwan da za a iya zuba wa jari da sunan kare muhalli, Faransa na murna tunda kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nan yake, Ostiriya kuwa ta tafi kotu. Ni dai a ganina kowa na da ɗan gaskiyarsa, tashar ba ta fitar da hayaƙi irin na gawayi, amma sharar da take bari sai ta yi dubban shekaru tana da haɗari, shi ya sa Finlan ta haƙa rami can ƙarƙashin dutse don binne ta.

Abin da ke ɗan ci min rai, duk wannan muhawarar ba kasafai ake jin sunan Arlit ba. Tun 1971 aka fara haƙar yuraniyom, wato ma'adinin da tashoshin nukiliya ke aiki da shi, a wannan gari na arewacin Nijar, aka yi shekaru ana kai wa Faransa, da ana kiran abin dodo da ana kiransa mai tsafta, motoci ba su daina lodi ba tsawon shekaru. Ita kuwa Nijar wutar da take kunnawa da yawanta daga Najeriya take saye, shi ya sa da aka yanke bayan juyin mulkin 2023 Yamai ta sha duhu.