Wasiƙa daga Leipzig: malamar da ta koyar a ƙasa biyu ba tare da ta canja aji ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna nan lafiya, sai sanyi da ya soma shigowa. Tambayar makarantar yara ce ta fi yi mini yawa: ana biyan kuɗi? Jamusanci ya zauna a bakinsu? Zan zo kan wannan, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta taya ni cike takardun sa 'yata a makaranta. Takardu a nan ba sa ƙarewa, ga shaidar adireshi, ga ta rigakafin ƙyanda, ga ta likitan da ke duba yaro kafin aji ɗaya. Muna cikin cikewa na gane ashe tsohuwar malama ce, Rashanci ta koyar.

Garin nan a da cikin Jamus ta Gabas yake. A lokacin kusan kowane yaro makaranta iri ɗaya yake yi ta shekara 10. Rashanci dole ne daga aji 5, akwai darasin aƙidar jam'iyya mai mulki, a 1978 kuma aka ƙara horon soja ga manyan ɗalibai. Margot Honecker, matar shugaban ƙasar, ita ta riƙe ma'aikatar ilimi daga 1963 har 1989. Katangar Berlin ta faɗi a Nuwamban 1989, Jamus ta Gabas da ta Yamma suka haɗe ranar 3 ga Oktoba 1990. Tun kafin haɗewar aka soke darasin aƙida da na soja, sannan aka kawo littattafai daga Yamma, kowace jiha ta yi dokar iliminta.

Amma wa zai shiga aji washegari? Malaman jiya ne dai. An tantance su, waɗanda aka samu da hannu a aikin hukumar leƙen asiri ta Stasi da yawansu sun rasa aiki. Saura suka ci gaba. Maƙwabciyata ta ce da rana tana koyarwa, da dare tana karatun Turanci, domin yara sun daina neman Rashanci. Wani lokaci darasi kaɗan ne tsakaninta da ɗalibanta. Abin da ya fi yi mata ciwo, in ji ta, ranar da yara suka tambaye ta ko ta yarda da abin da take faɗa musu a da. Ba ta ɓoye musu ba. Na daɗe ina juya wannan magana.

Sannan haihuwa ta ragu da kusan rabi a Gabas cikin 'yan shekaru, saboda mutane ba su san abin da gobe za ta zo da shi ba. Aka rufe makarantu masu yawa, aka daɗe ba a ɗaukar sababbin malamai sosai. Yau ga shi jihar Saxony, inda Leipzig take, tana fama da ƙarancin malamai.

Ba kuma komai suka zubar ba. Jihohin Saxony da Thuringia na Gabas sun riƙe tsarinsu na shekara 12 kafin jarrabawar shiga jami'a, alhali Yamma 13 ake yi, daga baya wasu jihohin Yamma ma suka gwada 12 ɗin.

Mu a gida mun ga tsarin 6-3-3-4, mun ga an cire tarihi daga manhaja an kuma dawo da shi. In aka sake shelar sabon tsari, don Allah ku tambaya a taron iyaye da malamai: wa zai horar da malamin, kuma an ba shi lokaci?

Batun kuɗi, makarantar gwamnati kyauta ce. Yaron da bai iya harshen ba akwai ajin share fage da ake sa shi. Maganar raba yara zuwa makarantu iri daban-daban bayan aji 4, wanda har yanzu nake ganin ya yi wuri, sai wasiƙa ta gaba, bayan taron da za mu yi da malamar 'yata.