Abun da fok ɗin keken hawan dutse ya koya mun a shagon Maigida

Ni dai a shagon Maigida na koyi gyaran keke, nan wajejen Dilimi a Jos, kuma shekarun farko aikina bai wuce faci da ɗaure sifok da canza robar birki ba. Fok a wajena ƙarfe ne mai ƙafa biyu da yake riƙe tayar gaba, in ya lanƙwashe a miƙar da shi shikenan. Sai da kekunan gwanjon nan na hawan dutse suka fara yawa a gari, masu fok mai shokozoba, sannan na gane ashe akwai karatu a gabana. Kala biyu suke zuwa mana, akwai mai sifirin na ƙarfe a ciki irin su SR Suntour XCT, su suka fi yawa dan sun fi araha, sai kuma mai iska irin na RockShox da Fox, wanda iskar ce take aikin sifirin ɗin.

Ranar da bazan manta ba wata Juma'a ce, Maigida ya tafi jana'iza ya barni da shago, sai ga wani bawan Allah da muke ce ma Yallaɓai, cikin masu hawa duwatsun Shere duk Asabar, ya kawo keke mai RockShox yace gaban yana nutsewa da yawa in duba mai. Na kwance murfin saman ƙafar hagu naga bawul sak irin na tayar mota, toh sai na jawo famfon taya na dinga bashi iska ina danna kan keken da hannu, har saida naji yayi tauri da ƙyar yake motsi, a raina nace yauwa yanzu yayi ƙarfi. Ran Litinin ya dawo, bai ɗaga murya ba wallahi, kawai ya nuna ma Maigida wuyan hannunsa yace tun Asabar suke mai ciwo, kuma a wani gangare tayar gaba ta dinga zamewa akan tsakuwa saura kaɗan ya sha ƙasa. Wannan maganar ta tsaya mun a rai sosai, domin faɗuwa a kan dutsen Shere ba wasa bace, mutum ne da iyalinsa.

Maigida bai zage ni ba. Cewa yayi, "Yaro, da ka tashi bashi iska ka tambayi nauyin mai keken?" Nace a'a Maigida. Yace, "Kai da hannu ka danna, shi kuma da jikinsa gaba ɗaya zai hau."

A ranar na fara ganin yanda ake auna zaman fok, abun da masu keken suke kira sag, wato iya nutsewar da yake yi in mai shi ya hau ya tsaya cak. Akwai wani siririn zoben roba a jikin sandar fok ɗin mai santsi, da ni na ɗauka ado ne. Maigida ya buɗe makullin saman ƙafar dama dan kar fok ɗin ya kasance a kulle, yasa Yallaɓai ya saka hular kwanonsa ya goya jakar ruwansa kamar dai zai fita, na riƙe mai kan keken ya hau ya miƙe akan feda, ya ɗan girgiza sau uku ya nutsu, sai Maigida ya tura zoben ƙasa har ya taɓa robar bakin, yace ya sauka a hankali kar ya danna. Aka sa rula. Fok ɗin tafiyarsa milimita 120 ce, ana son ya zauna wajen kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, kenan milimita 18 zuwa 24. Nawa aikin milimita 8 ya nuna.

Abun da ya buɗe mun kai shine dalilin. Ni tunanina aikin shokozoba shiga ciki ne kawai in an daki dutse, ban taɓa kawowa cewa dole ya samu wajen miƙewa ba. In taya ta zo rami ko ƙasa ta gangara, wannan ɗan zaman da aka bari shi ne yake ba tayar dama ta bi ƙasa ta sauka, ta cigaba da kama hanya. In ka cika iska har babu zama, taya tana tsalle ne daga dutse zuwa dutse, rabin lokaci a sama take, kuma tayar da bata taɓa ƙasa ba birki baya mata komai, juya kai ma baya mata komai. Ashe taurin da nake ganin ƙarfi ne shi ya kusa kada mutum.

Famfon ma daban ne. Nasu ɗan ƙarami ne mai agogo, yana kaiwa psi 300 (psi shine ma'aunin matsin iska), saboda ɗakin iskar fok ƙarami ne sosai, bugu biyu na famfon taya ya isa ya ɓata lissafi, balle injin mai faci. Sannan ba'a cikawa a tashi ɗaya, ka ƙara kaɗan ka danna fok ɗin sau da yawa, domin akwai wani ɗakin iska na biyu a ƙasa da yake daidaita kansa da na sama. Kuma wannan "fss" da kake ji in ka cire famfo, iskar cikin tiyo ce ba ta fok ba, na daɗe ina ƙara iska a banza saboda tsoron wannan ƙarar. Mafi yawan RockShox akwai sitika a bayan ƙafar da ta nuna nauyi da psi, daga nan ake farawa amma zoben ne mai yanke hukunci.

Wanda yafi bani wahala shine makullin nan mai launin ja da ke can ƙasan ƙafar dama, mai kula da saurin dawowar fok bayan ya nutse. RockShox ma hoton zomo da kunkuru suke sawa a jiki. Ka juya wajen zomo da yawa, fok ya dinga harbo maka kan keke kamar jaki. Ka juya wajen kunkuru da yawa, a gargada bai gama miƙewa daga dutsen farko ba na biyu ya zo, na uku ya zo, sai ya dunƙule a ƙasa yayi tauri, mai keken ya dawo yace maka iska tayi yawa alhali ba iskar bace. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa su hau rage iska abun ya ƙara lalacewa. Gwajin da muke yi a shago, ka danna kan keken da ƙarfi ka saki hannu gaba ɗaya, ya dawo da hanzari amma taya kar ta ɗaga daga ƙasa. In ka ƙara iska kuma sai ka ɗan ƙara wajen kunkuru. Ga sanyin Jos, gari ne da yake sama da mita 1,200, safiyar hunturu a Disamba ko Janairu man ciki yana yin kauri, abun da ka saita da rana tsaka sai kaji ya canza da asuba.

Daga nan na sayi ɗan littafi, kuma gaskiya shi yafi komai gyara mun aiki. Kowane keke da shafinsa, nauyin mai shi, psi nawa, ƙas-ƙas nawa na juya jan makullin daga ƙarshen wajen kunkuru. Abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda, in ce yaje ya bi hanya ɗaya da ya saba, misali ta wajen Lamingo, ya dawo mu kalli inda zoben ya kai. In ka taɓa iska da jan makulli da iskar taya duk rana ɗaya, ko yayi daɗi baka san wanne ya gyara ba.

Masu sifirin kuwa gaskiya kawai nake gaya musu, makullin da ke saman fok ɗinsu matse sifirin ɗin yake yi kaɗan, baya canza ƙarfinsa, in yaro mara nauyi ne akan sifirin mai tauri ko ka juya har gobe bazai yi laushi ba.

Sai ƙura, wadda ita ce take kashe fok a garin nan. RockShox sun ce a buɗe ƙafafun ƙasa a canza mai duk bayan awa 50 na hawa, amma yawancin na gwanjo tunda aka ƙera su ba wanda ya buɗe. Na taɓa buɗe wani na tarar da zoben soson da ya kamata ya jiƙe da mai ya bushe ƙayau yayi baƙi, jar ƙasa ta haɗu da baƙin mai da wani ya shafa mai a waje ta koma kamar sanfefa, ta cinye sandar har launinta ya goge. Abun ya bani takaici wallahi, fok mai tsada ya tafi saboda rashin tsumma mai tsafta. Shiyasa nake roƙon kowa ya goge sandunan bayan ya dawo, kuma kar ya kai wajen wankin mota a harba mai ruwa a bakin robar.

Yallaɓai har yanzu wajenmu yake zuwa, shafinsa ne na farko a littafin. Bayan sallar azumin da ta wuce ya kawo keken yace yana jin gaban ya ɗan yi tauri, na kalle shi naga ya faɗa, nace Yallaɓai azumi ya taɓa ka fa, yayi dariya ya goya jakarsa ya hau. Zoben ya nuna 19 maimakon 24 ɗin da ya saba, na rage mai iska kaɗan muka sake aunawa, na goge tsohuwar lambar na rubuta sabuwa.